Ɓarin Hagu na Babur ɗin Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Baba ya kawo mobilet ɗinsa da kansa tun daga Durba. Ina kwance ƙarƙashin wata motar haya na jiyo tarinsa daga kwanar tasha, duk Rano babu babur mai irin wannan muryar. Tsohon babur ne mai feda, ya girme ni, tun yana malamin gona ya saye shi. Madigadin gaba, ƙarfen nan da ke rufe taya, ya lotsa ta hagu kamar faɗin tafin hannu.

Bai ce mini komai ba, kamar kullum. Ni ne ɗan fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma bai taɓa yi mini magana ido da ido ba. Ya dubi Jabiru mai walda, maƙwabcin shagona, ya ce a gaya wa mai shagon akuya ce ta yanko masa hanya. Ina tsaye a wurin. Jabiru ya juyo ya ce, "Mukhtar, an ce akuya ce." Na ce a ce na ji. Haka muke hira ni da ubana, ban taɓa ganin aibin abin ba.

Sharaɗinsa bai canza ba: ba fila, ƙullun nan da ake cike rami da shi, ba sabon fenti. Shuɗin da babur ɗin ya zo da shi, da shi zai ƙare. Shi ke sa aikin wuya. Da motar haya ce sai in buga sama-sama in shafe da fila, fenti ya rufa mini asiri. Wannan kuwa sai na kwance madigadin, na shimfiɗa tsumma a kan buhun yashi don kada fentin ya ƙuje, na kifa shi, na bi ta ciki da gudumar katako. Ba a fara bugu daga tsakiyar rami. Masu gaggawa ke yin haka, su gyara rami su haifi tudu. Daga gefe ake zagayowa kaɗan-kaɗan har wurin ya taso da kansa. Ƙarfen ya tsufa ya yi siriri, in ka huce haushinka a kansa sai ya tsage.

Talata, 8 ga Yuli

Ya dawo ɗauka. Ya shafa wurin da hannu, ya ce wa Jabiru ba laifi. A bakin Baba wannan lambar yabo ce.

Asabar, 19 ga Yuli

Ya sake kawowa. Yau har da madigadin baya. Wai yara ne suka bar turmi a zaure.

Na ce wa matata Firdausi da alama awakin Durba da turamenta sun haɗa baki a kan tsohon nan. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ni ma na yi. Amma turmi ba ya barin siminti, kuma a cikin ƙujewar na ga siminti da farar ƙasa.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ban so rubuta wannan ba.

A aikinmu ido yana ƙarya, tafin hannu ba ya yi. In na gama bugu nakan zura hannu ta cikin madigadi in shafa, in ji inda ya rage. Yau da na shafa sai na ji sawun gudumata, ba na yau kaɗai ba, har na sauran lokutan da ya kawo tun bayan azumi. Na san bugun hannuna. Dukkansu a ɓarin hagu suke. Na juya hannu zuwa dama, sumul, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Na baya ma haka. Sai na tuna madubin da na canza masa na hagu ne, fedar da Jabiru ya miƙe ma ta hagu ce.

Akuya ba ta zaɓar ɓari.

Na zauna a kan benci. Mai babur a hanyar Rano zuwa Kibiya, duk abin da zai fuskanto shi ta hagunsa yake zuwa. Tifofin yashi, motocin kasuwa, duk. Kuma Baba ba ya rasa jana'iza, ba ya rasa ɗaurin aure, ko suna aka yi a ƙauyen da ya taɓa raba irin gyaɗa sai ya je.

Duk da haka na gama aikin na ɗaura. Me zan ce?

Juma'a, 25 ga Yuli

Mun je Durba gaisuwa. Na zauna daga bakin ƙofa inda na saba, ina satar kallonsa. Inna ta kawo masa tuwo. Ya cinye ɓarin dama na kwanon tas, ya tsaya kamar abinci ya ƙare. Inna ta zo wucewa, ta sa ɗan yatsa ta juya kwanon, ta wuce. Ya ci gaba da ci.

Buta ma a damansa take yanzu. Da a hagu ake ajiye masa.

Inna ta fi Baba kunyata, ba zan iya tambayarta ba. Na tura Firdausi. A hanyar dawowa ta ce mini Inna ta ce tun bayan ƙaramar salla ne, wata safiya ya tashi da ciwon kai mai tsanani, ya sha magani ya kwanta, daga nan ya fara karo da bakin ƙofa. Ta ce kada a ce ita ta faɗa. Firdausi ba ta yi dariya ba yau.

Talata, 29 ga Yuli

Tifa ta wuce gaban shago da gudu, sai da guduma ta suɓuce daga hannuna.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na kira ƙanwata Halima Sadiya a Lausu. Ita ce auta, ita ke zama kusa da shi ta ci a kwanonsa, ta gaya masa hularsa ta tsufa. Na ce ta je ta yi masa maganar ido, kada ta ambace ni.

Ta je. Wai ya ce a kawo allura da zare, ya zura a gabanta karo ɗaya, ya miƙa mata ya ce ita ma ta gwada. Ta kasa. Ta kira ni tana ƙyalƙyala dariya, wai Yaya, Baba ya fi ka ido, ka nemi wani abin damuwar.

Na so in gaya mata maganar kwanon tuwo. Sai na ji kamar tona masa asiri ne, na fasa.

Laraba, 6 ga Agusta

Na yi wauta.

Na je wurin Baffa Idi, taubashin Baba. Na ce tunda tsakaninsu akwai wasa, babu abin da ba ya faɗuwa, shi zai iya shigar da maganar cikin raha. Abin da na manta shi ne Baffa Idi bai san ana yin wasa a ɓoye ba. A wurin ɗaurin aure a Kibiya, gaban jama'a, ya ce a taimaka a samo wa makahon Durba ɗan jagora da sanda, ya ajiye wannan gwangwanin kafin ya kwashe mutane. Aka yi ta dariya.

An ce Baba ma ya yi dariya, ya rama, ya ce Idi ko keke bai taɓa mallaka ba. Sannan ya hau ya zagaya filin sau da yawa kowa na kallo.

Tun ranar kullum sai ya fita. Ko babu inda za shi. Inna ta aiko Firdausi ta tambaye ni wa ya sa Idi. Na ce ban sani ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Duk lambar da ban sani ba in ta kira, sai na bar ta ta yi ta ƙara. Ina tsoron ɗauka, ina tsoron ƙin ɗauka. Yau wani Alhaji Amiru ne, mai neman gyaran ƙofar mota.

Asabar, 16 ga Agusta

An yi ruwa tun safe. Na ji daɗi, yau dai ba zai fita ba. Ga inda na koma, ina roƙon ruwa ba don gona ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ya zo yana tuƙa feda, injin a kashe, taya na gugar ƙarfe. Madigadin gaba ya mokaɗe sosai, ba lotsawa kawai ba, har ya yi karya a tsakiya, kamar an ninke takarda. Ya ce wa Jabiru kututture ne a bakin hanya, ruwa ya tono shi. Gwiwar wandonsa ba ta ko yage ba. Ya hau acaɓa ya koma.

Da na kwance notin na ɗago madigadin, wari ya buge ni. Tsami. Cikin ƙarfen duk busasshen nono ne, ya yi fari, ƙudaje har sun gano shi. Tsakanin ƙarfen da ke riƙe madigadin da taya kuma wani abu ya maƙale. Na zaro. Ɓallen ƙwarya ne, da zanen ado a jikinsa.

Na sa shi a aljihu don kada Jabiru ya gani. Wa ke ɗauke da ƙwaryar? Tana ina yanzu?

Juma'a, 22 ga Agusta

Ban buɗe shago ba. Na bi hanyar a hankali, ina tsayawa wurin masu shayi da masu faci, ina tambaya a kaikaice ko an yi wani tsautsayi jiya. Kowa na tambaya sai na ji kamar fuskar Baba yake gani a tawa. A kwalbatin da ke kusa da kwanar Durba wani mai faci ya ce e, wani tsoho ya ture wata mai nono, amma ta tashi da ƙafarta. Ya nuna mini hanyar rugarsu. Bai ce wane tsoho ba, ni ma ban tambaya ba. Ya sani.

Sunanta Jumai. Na same ta zaune a tabarma, gwiwa ɗaure da tsumma, gwiwar hannu ta saluɓe. Na gaishe ta, na ce ni ɗan mai babur ɗin ne. Ta ce ta sani, ta san Malam, mutum ne mai gaisuwa, ko a kan babur sai ya ɗaga hannu. Ta ce a gefen hanya take tafiya, sai ta ga ya baro nasa ɓarin yana nufo ta sannu-sannu, idonsa a buɗe, har ta yi zaton tsayawa zai yi ya sayi nono.

"Ko waiwaye bai yi ba," in ji ta. "Shi ne abin da ya tsaya mini."

Sai wani yaro ya rarrafo daga bayanta ya kama zanenta. Bai kai yaye ba. A kunnensa akwai ɗan ƙujewa. Ta ce yana bayanta a lokacin, da ta ga faɗuwa ta zo sai ta murɗa jiki ta faɗi ta gaba.

Mijinta ya so kai magana wurin mai unguwa, ta hana. Na ba da haƙuri iya abin da bakina ya iya. Da na fito daga rugar na tsaya bayan wata dorawa na yi amai.

Baba bai yi ƙarya ba. Shi kututture ya sani. Wannan ya fi ƙaryar ban tsoro.

Litinin, 25 ga Agusta

Na cire tayar gaba gaba ɗaya na jingine ta bayan shago. Babur yana tafiya ba madigadi, amma ba ya tafiya ba taya. Na aika cewa boris ɗin tayar ya ci, sai an nemo a Kano, irin nasa ya yi wuya.

Boris lafiyarsa lau.

Asabar, 30 ga Agusta

Saƙo ya zo ta bakin direban motar kasuwa: a tambayi mai shagon ko Kano ta ƙaura ne. Na ce a ce ana kan nema.

Madigadin na rataye a ƙusa, ban taɓa shi ba. Na wanke nonon kawai. Kullum in na ɗaga kai sai na gan shi, hannuna har ƙaiƙayi yake, na san daidai inda zan fara. Karyar ce mai wuya, sai an tokare ta da dunƙulen ƙarfe ta baya, a bi ta a tsawonta kafin a taɓa ramin. Amma duk bugun da na yi wa babur ɗin nan a bana, mayar da shi kan hanya na yi. Ni na yi ta share masa sawu.

Laraba, 3 ga Satumba

Wani saƙon. Wai in aikin ya fi ƙarfin mai shagon, akwai masu bugun bodi a Kibiya, a ɗora masa kayansa a mota.

Firdausi ta ce in buɗe baki in gaya masa kawai. Da sauƙi a bakinta, ita ta uku ce a gidansu. Ni ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba. Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce masa rabin duniya ya ɓace masa? In ya ce mini ƙarya nake, me ya rage tsakaninmu? In kuma na bar shi ya kai wa na Kibiya, cikin yini ɗaya za su shafe masa da fila ya hau.

Litinin, 8 ga Satumba

Ya zo da kansa. Ya sauka daga acaɓa ya zauna a kan bencina, yana fuskantar titi. Na sauko da madigadin daga ƙusa, ban san me zan yi da shi ba, na zo na tsaya a gefensa. Ta hagu. Ba da niyya ba, ko kuma da niyya, ban sani ba. Kusa sosai, har ina jin ƙanshin turarensa.

Ya yi ta kallon titi. Can ya ɗaga murya ya ce, "Jabiru, ina mai shagon ya shiga ne?"

Jabiru ya dube ni, ya dube shi, ya kashe injin walda ya ce bari ya je ya yi alwala.

Na zagayo gabansa na durƙusa. Sai da ya ɗan zabura. Na ajiye madigadin a ƙasa tsakaninmu, na ciro ɓallen ƙwaryar na ɗora a kai. Na ce, "Baba, ba kututture ba ne. Mace ce, da goyo a bayanta."

Ban ɗaga kai ba. Ƙafafunsa kawai nake gani. Na ci gaba, tunda na fara ba zan iya tsayawa ba, na faɗi maganar ɓarin hagu, da madubi, da feda, na ce yanzu ma ina tsaye a gefensa ya tambayi inda nake. Kwanon tuwo kaɗai na bari, don Inna.

Ya ɗauki ɓallen ya juya shi. Ya yi ta kallonsa har na fara jiran mari, duk da bai taɓa marina ba.

"Goyon fa?"

Na ce lafiya lau, ƙujewa ce a kunne.

"Ka gan shi da idonka?"

Na ce na gan shi, yana rarrafe.

Ya ce, "Tashi ka kai ni."

Laraba, 10 ga Satumba

Shekaranjiya a rugar ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Bai bar ni na shiga tare da shi ba. Ya daɗe. Da ya fito na mayar da shi Durba, sai a ƙofar gida ya ce wa bango a nemi ranar zuwa asibiti.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kano, ni da shi da Halima Sadiya. Likita ya ce idanun kansu lafiya lau, shi ya sa yake zura allura. Hawan jini ne ya taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa, ranar ciwon kan nan, ya ɗauke masa ganin ɓarin hagu. Ya ce an yi sa'a bai kama hannu da ƙafa ba. Magani kullum. Babur kuwa, ko keke, a manta.

Halima Sadiya ta yi kuka a mota. Baba ya ce mata wa ya mutu.

Asabar, 27 ga Satumba

Na buga madigadin. Bai ce in yi ba. Na ɗauki yini biyu a kansa, na bi karyar a hankali har ta kwanta, fentin bai tashi ba sai ɗan layi kamar gashi. Ban taɓa aiki mai kyaun wannan ba, kuma ba inda za shi. Na mayar da taya, na ɗora a motar kasuwa na kai Durba. Fulogin injin yana aljihuna, ba na ƙarya.

Ya sa aka kafe shi a zaure. Firdausi ta ce Inna ta ce kullum da safe sai ya goge shi da tsumma. Da na je na duba, ɓarin dama yana sheƙi, na hagu ƙura ta kwanta. Na goge da hannun rigata kafin ya fito.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na raka shi awon jini a nan Rano. Yanzu nakan ɗauki waya ko lambar wa ce.

Da muka fito za mu tsallaka titi, ya sa ƙafa a kwalta, ga mota ta taho ta hagu. Ba ta ma yi kusa sosai ba. Na damƙi hannunsa na ce, "Tsaya." Da irin muryar da nake yi wa yarana.

Ya tsaya. Motar ta wuce, wata ta wuce, titi ya zama fayau. Bai motsa ba. Sai da na lura jira yake in ce masa mu je.

Na ce mu je. Ban saki hannun ba har tsallake, shi ma bai janye ba. Ba komai ba ne, titi ne kawai. Gobe akwai ƙofar motar Alhaji Amiru da zan buga, ta daɗe tana jirana.